Darasi na 9: Wanke Ramin Saiwar Haƙori

Yawancin mutanenmu ba sa zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana su barci. Kafin nan an tauna kanumfari, an kurkure da ruwan gishiri, an sha ƙwayoyin kemis, wani ma har ya ɗiga ruwan batir ko fetur a cikin kogon. Ranar da aka isa asibiti kuwa magana ɗaya ce a bakin mai ciwo: "Likita, a cire shi in huta." To, ba kowane haƙori mai ciwo ne ya kai ga cirewa ba. Akwai aikin da ake yi a ceci haƙorin ya ci gaba da tauna shekara da shekaru, shi ne aikin saiwa. Ana buɗe haƙorin, a fitar da abin da ya ruɓe a ciki, a wanke, sannan a toshe. Wannan darasi a kan wankin yake. Mai jinya bai cika lura da shi ba, domin ba shi da ƙara irin ta injin huda, amma a kansa nasarar aikin ta rataya.

Abin da ke cikin haƙori

Farin ɓawon da muke gani a sama shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam. A ƙarƙashinsa akwai gangar jikin haƙorin, mai ɗan rawaya-rawaya, wadda likitoci ke kira dentin. A can tsakiya akwai ɗan ɗaki cike da nama mai laushi, da jijiyoyin jini, da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Wannan naman shi ne ɓargon haƙori. Daga ɗakin ne siraran ramuka ke gangarawa ta cikin saiwa har zuwa ƙarshenta, inda wata 'yar kafa ke buɗewa cikin ƙashin muƙamuƙi.

Haƙoran gaba galibi saiwa ɗaya gare su da rami ɗaya. Turmin farko na sama saiwa uku gare shi, kuma sau da yawa ramukansa huɗu ne, na huɗun a ɓoye yake, sai an neme shi. Tsawon haƙori daga kai zuwa ƙarshen saiwa yakan kama daga milimita 20 zuwa 26, amma faɗin ramin a kusa da ƙarshe bai cika wuce sulusin milimita ba.

Wanda ya kalli zanen littafi zai zaci ramin a miƙe yake sambal. A shekarar 1917 wani likita a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, Walter Hess, ya ɗura roba a cikin ramukan haƙora fiye da 2,000 da aka cire, sannan ya narkar da haƙoran da asid, robar ta rage da siffar ramukan. Abin da ya bayyana ya canza tunanin likitoci. Ramin yana lanƙwasa, yana rabuwa biyu ya sake haɗuwa, yana fitar da rassa ta gefe, ramuka biyu na saiwa ɗaya kan haɗu ta wata siririyar tsaga, a ƙarshen saiwa kuma rami ɗaya kan watse zuwa ƙananan kafofi da yawa. Ku riƙe wannan a zuciya, domin duk abin da zai biyo baya daga nan ya taso.

Mai laifin

Har yanzu a wasu kasuwanni ana samun masu cewa suna fitar da tsutsar haƙori, su turara wa mutum hayaƙi a baki, su nuna masa wasu fararen abubuwa a cikin ruwa. Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, waɗanda ke shiga ta kogon ruɓewa ko ta tsagewa, su isa ɓargo, su kumbura shi, daga baya su kashe shi. An tabbatar da haka a Amurka a 1965, lokacin da Kakehashi da abokan aikinsa Stanley da Fitzgerald suka huda haƙoran ɓeraye iri biyu suka bar su a buɗe. Ɓerayen da aka raina a keɓe, ba ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu, ɓargon haƙoransu ya warke duk da abinci na cusuwa a ramin. Ɓerayen da ke da ƙwayoyin cuta a baki kuwa, ɓargonsu ya mutu, ƙurji ya fito a gindin saiwa.

Idan ɓargo ya mutu, jini ya daina shiga haƙorin. Ma'anar wannan ita ce garkuwar jiki ba ta isa can, maganin da aka haɗiye ma ba ya isa. Shi ya sa mutum zai sha kafso na mako guda, kumburin ya saɓe, bayan wata biyu ya dawo. Maganin ya taɓa abin da ya malalo cikin ƙashi, amma tushen yana nan zaune a cikin rami. Ƙwayoyin kuma ba a warwatse suke ba. Suna manne da bangon ramin a cikin wani yauƙi da suke saƙa wa kansu, wanda ke kare su daga magani. Sai an shiga an wargaza wannan yauƙi an fitar da shi.

Inda ƙarfe ke tsayawa

Likita yana shiga ramin da magagari, wani siririn ƙarfe mai murɗaɗɗen kaifi, na hannu ko wanda inji ke juyawa. Yana farawa da mafi siranta, ya bi da wanda ya fi shi kauri, har ramin ya buɗe. Amma magagari zagayayye ne, ramuka da yawa kuma a baje suke, wasu masu kusurwa. Ƙarfen zai share tsakiya ya bar gefe. A 2001 Ove Peters da abokan aikinsa sun ɗauki hoton cikin turame na sama da na'ura mai ganin ƙananan abubuwa, kafin aiki da bayan aiki, suka ga kashi 35 cikin 100 na bangon ramin, ko fiye, ƙarfe bai taɓa shi ba sam. Rassan gefe da tsagogin da Hess ya nuna kuwa, babu ƙarfen da zai shige su.

Ƙari a kan haka, magagarin da kansa yana haifar da datti. Yayin da yake kankare bango, garin dentin na cakuɗuwa da ragowar nama da ƙwayoyin cuta, ya zama wani laɓu da ke shafe bangon. Masu bincike biyu, McComb da Smith, su ne suka fara bayyana shi a ramin saiwa a 1975. Kaurinsa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na milimita ba, amma ya isa ya rufe bakin dubban ƙananan kafofin da ke cikin dentin, inda ƙwayoyin cuta ke shigewa su ɓuya. Wani garin kuma yakan taru a ƙarshen rami ya toshe shi, ko a tura shi waje cikin ƙashi ya jawo ciwo bayan aiki.

Saboda haka aikin ƙarfe shi ne buɗe hanya. Ruwa ne ke yin tsabtar. Sai dai ba kowane ruwa ba. A garin Umea na ƙasar Suwidin, a 1981, Byström da Sundqvist sun gwada aiki da ƙarfe da ruwan gishiri kaɗai. Yawan ƙwayoyin cuta ya ragu ƙwarai, amma kusan rabin haƙoran ba su rabu da su ba duk da zuwa asibiti sau da dama. Ruwan gishiri yana kwashe abin da ke sako-sako, ba ya kisa, ba ya narkarwa.

Ruwan da ake wanki da shi

Babban ruwan wannan aiki sunansa sodiyam haifokulorait. Kun san warinsa, domin shi ne sinadarin da ke cikin bilic na wanki, wanda a Nijar aka fi sani da ruwan Javel. Ya shigo harkar jinya ta hanyar yaƙi. A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, masanin haɗa sinadarai Henry Dakin ɗan Ingila da likitan fiɗa Alexis Carrel ɗan Faransa sun yi amfani da shi, mai ƙarfin rabin kashi ɗaya cikin 100, wajen wanke raunukan sojoji. Bayan yaƙin likitocin haƙori suka ɗauke shi. A 1941 Grossman da Meiman suka nuna a Amurka cewa yana narkar da ɓargon haƙori gaba ɗaya.

Wannan narkarwar ce ta sa har yau ba a sami wanda ya ture shi ba. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna da yawa, amma a cikin waɗanda ake wankin saiwa da su shi kaɗai ke kashewa kuma ya narkar da mataccen nama da yauƙin da ke manne a lungunan da ƙarfe bai kai ba. Wanda ya tsaya kusa da likita zai ga abin da idonsa. Ruwan yana shiga garau, sai ƙananan kumfa su fara tasowa a bakin ramin, ya fito a gurɓace da ɓurɓushi. Ana ta maimaitawa har kumfar ta daina tashi, ruwan ya riƙa fitowa yadda ya shiga.

Ƙarfin da ake amfani da shi yana tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi 6 cikin 100. Likitoci da yawa a Amurka sun fi son mai ƙarfi, a ƙasashen arewacin Turai kuwa an daɗe ana aiki da mai sauƙi. Kowanne da dalilinsa. Mai ƙarfi ya fi saurin narkarwa, amma ya fi ƙuna idan ya taɓa nama mai rai, kuma yana iya raunana dentin idan ya daɗe. Mai sauƙi ya fi aminci, amma yana buƙatar yawa da lokaci. Abin da duka suka yarda da shi shi ne ƙarfin ruwan yana ƙarewa da sauri da zarar ya haɗu da nama, don haka dole a riƙa sabunta shi bayan kowane magagari. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: zafi da hasken rana suna kashe ƙarfin wannan ruwa tun yana cikin kwalba. A wuri mai zafi irin namu, kwalbar da aka bari a taga ko aka daɗe da buɗewa tana iya zama wari kawai ba aiki. Wurin ajiyarsa kwalba mai duhu, a rufe, a inuwa mai sanyi.

Abu ɗaya ne haifokulorait ba ya iyawa: ba ya narkar da garin dentin, domin wannan garin ma'adini ne irin na ƙashi. Nan ne ruwa na biyu ke shigowa, wanda ake kira EDTA, mai ƙarfin kashi 17 cikin 100. Wani likita ɗan ƙasar Norwe, Nygaard-Østby, shi ya shigo da shi aikin saiwa a 1957. Yana kama sinadarin kalsiyam da ke cikin laɓun nan ya narkar da shi, kafofin dentin su buɗe. Kimanin minti ɗaya ya ishe shi a ƙarshen aiki. In ya daɗe fiye da kima sai ya fara cin bangon kansa. Wasu kan yi amfani da asid ɗin sitirik a madadinsa.

Na uku shi ne kuloheksidin, mai ƙarfin kashi 2 cikin 100. Yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma manne wa dentin ya ci gaba da aiki bayan an gama, amma ba ya narkar da komai. Don haka mataimaki ne, ba ya tsayawa a matsayin na farkon.

Waɗannan ruwaye ba a gauraya su. Idan haifokulorait ya haɗu da kuloheksidin, nan take wani gari mai launin ƙasa-ƙasa ke fitowa, ya rina haƙori ya toshe kafofi. Idan ya haɗu da EDTA kuma, ƙarfinsa ke mutuwa. Shi ya sa ake ɗauraye ramin da ruwan gishiri ko tsabtataccen ruwa, ko a busar da shi, kafin a sauya daga wani zuwa wani.

Sirinji da allura

Hanya mafi daɗewa, kuma wadda aka fi amfani da ita a duniya, ita ce sirinji. Allurar ba irin ta yin allura a jiki ba ce. Siririya ce ƙwarai, kaurinta milimita 0.3 ko 0.4, bakinta a dakushe, kuma a irin da aka fi so kafar fitar ruwan a gefe take, domin kada ruwan ya harba kai tsaye zuwa ƙarshen saiwa. Ana murɗa ta ne a jikin sirinjin ta kulle, don kada ta fizge ruwan ya fantsama.

Ga abin da ya sa aikin ke buƙatar gwaninta. Ramin saiwa rufaffe ne a ƙasa, ƙashi da nama sun kewaye shi. Ruwan da ya fito daga allura ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 gaba da bakinta, daga nan sai ya juyo sama. Idan allurar ta tsaya a bakin rami, sama kaɗai aka wanke, ƙasan da cutar ta fi zama ba a taɓa shi ba. Wani lokaci ma iska kan maƙale a can ƙasa ta hana ruwa isa. Idan kuma aka cusa allurar har ta cije a bango, ruwan ba shi da hanyar dawowa, sai ya fita ta ƙarshen saiwa ya shiga nama. Tsakanin waɗannan biyun likita ke aiki. Yana auna tsawon ramin tukuna da hoton haƙori ko da na'urar awo, ya sa alama a jikin allurar yadda za ta tsaya milimita 2 ko makamancin haka kafin ƙarshe, ya riƙa ɗan motsa ta sama da ƙasa don ya tabbata tana sake, ya danna sirinjin a hankali. Malamai da yawa suna koya wa ɗalibansu dannawa da ɗan yatsa manuni maimakon babban yatsa, saboda babban ya fi ƙarfi. A gefe guda ma'aikaciyar jinya na riƙe da bututun tsotsa a bakin haƙorin tana kwashe abin da ke fitowa.

Mai jinya da ke kwance yakan ƙosa a nan. Ya ji an daina huda, ya ga likita na ta ɗaukar sirinji yana ajiyewa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Likita, ba a gama ba ne?" Likita ya ce, "Baba, a ƙara haƙuri, yanzu ne ake ainihin aikin." Gaskiya ya faɗa. Injinan zamani suna iya buɗe rami cikin mintoci kaɗan, amma ruwan yana buƙatar lokacinsa kafin ya narkar da abin da zai narkar. Sannu ba ta hana zuwa.

Motsa ruwan

Duk wadda ta taɓa wanke gora mai ƙaramin baki ta san zuba ruwa a tsiyaye ba ya fitar da abin da ya kama ciki, sai an girgiza. Haka ramin saiwa yake, kuma hanyoyin da aka ƙirƙiro daga baya duk dabarun girgizawa ne.

Mafi sauƙinsu ba ta buƙatar wutar lantarki. Likita ya cika ramin da ruwa, ya ɗauki tsinken gataparca, wato robar da za a toshe ramin da ita daga baya, wanda ya dace da faɗin ramin, ya riƙa tura shi yana jawowa tazarar milimita 2 zuwa 3, kamar sau 100 a cikin minti ɗaya. Wannan motsi yana kore iskar da ta maƙale, yana tura sabon ruwa ƙasa. Ga asibitin da wuta ba ta zama, ko wanda ba shi da kuɗin na'ura, wannan dabara ce mai daraja, kuma bai kamata a raina ta ba.

Sai na'urori masu karkarwa. Akwai masu kan roba mai laushi da ke kaɗawa daga sau ɗaruruwa zuwa kimanin sau 6,000 a daƙiƙa, irin su EndoActivator da EDDY. Amfanin roba shi ne tana bin lanƙwasa ba tare da ta yanki bango ba. Akwai kuma masu siririn ƙarfe da ke kaɗawa sau 25,000 zuwa 30,000 ko fiye a daƙiƙa, saurin da kunne ba ya iya ji. Wani mai bincike, Richman, shi ne ya fara kawo irin wannan cikin aikin saiwa a 1957. Ana sa ƙarfen a tsakiyar ramin ba tare da ya taɓa bango ba, a kunna na daƙiƙa 20, a sabunta ruwa, a maimaita sau uku. Karkarwar tana sa ruwan ya riƙa juyawa da ƙarfi yana dukan bango, yana kutsawa cikin tsagogi. Sau da yawa ramin da aka zaci ya fita tas, da an kunna na'urar sai a ga ruwan ya sake yin fari da datti. A rami mai lanƙwasa sosai ƙarfen yakan taɓa bango, ƙarfinsa ya ragu.

Wata hanyar ta juya al'amarin ne gaba ɗaya. Maimakon a tura ruwa ƙasa, sai a zuba shi a ɗakin sama, a zura siririn bututun tsotsa har ƙarshen rami, shi ya jawo ruwan ƙasa ya kwashe shi. Na'urar EndoVac haka take aiki, da bututu mai kaurin milimita 0.32. Tunda jawowa ake yi, haɗarin ruwa ya tsallaka cikin nama ya ragu ƙwarai. Matsalarta ita ce ƙananan kafofin bututun suna saurin toshewa. Ban da waɗannan kuma akwai masu aiki da hasken leza da ke tayar da kumfa mai fashewa a cikin ruwa, da na'urar GentleWave ta Amurka. Waɗannan tsadarsu ta sa ko a ƙasashen masu arziki ba kowane asibiti ke da su ba.

To, wacce ta fi? A ɗakin gwaji, kan haƙoran da aka cire, motsa ruwa ya fi sirinji kaɗai fitar da datti, musamman a tsagogi da rassa. Amma da aka bi masu jinya don a ga wa ya fi warkewa, ba a sami hujja mai ƙarfi da ta nuna na'ura mai tsada ta fi sirinjin da aka yi aiki da shi da kyau ba. Don haka kada wanda aka yi wa aiki da sirinji ya ɗauka an rage masa wani abu. Likitan da ya gano dukkan ramuka, ya auna tsawonsu, ya kai allura inda ya kamata, ya yi amfani da ruwa mai kyau da yawa, ya ba shi lokaci, ya fi wanda ya mallaki na'ura yana gaggawa.

Muhimmancin tsabtar kanta kuwa ba a jayayya a kansa. A 1997 Sjögren da abokan aikinsa a Suwidin sun ɗauki samfur daga ramukan haƙora 55 daf da toshewa, suka bi masu su har shekara 5. Inda ba a sami ƙwayoyin cuta ba a lokacin toshewa, kashi 94 cikin 100 sun warke. Inda aka samu, kashi 68 ne suka warke.

Haɗari da kariya

Ruwan da ke narkar da mataccen nama yana ƙona mai rai. Shi ya sa kafin a fara ake sa wa haƙorin ƙyallen roba mai huda ɗaya, haƙorin ya leƙo ta hudar, sauran baki ya kasance a rufe. Wani likita a birnin New York, Sanford Barnum, ya ƙirƙiro shi tun 1864. Yana hana ruwan zuba a harshe da maƙogwaro, yana hana miyau mai ɗauke da ƙwayoyin cuta komawa ramin da ake wankewa, yana kuma tare magagari in ya suɓuce. Wasu masu jinya ba sa son sa, suna cewa yana takura su. Ku yarda a sa muku. Haka tabarau na kare ido da mayafin da ake rufe riga da shi, domin ɗigo ɗaya yana cire launin tufafi.

Ba kasafai ba, ruwan kan tsallake ƙarshen saiwa ya shiga nama. Alamarsa ba ta ɓuya: zafi mai tsanani farat ɗaya duk da allurar kashe zafi, kumburin kunci cikin mintoci, jini daga ramin, daga baya fatar wurin ta yi duhu. In haƙorin sama ne, mutum na iya jin ɗanɗanon bilic a maƙogwaro ko hanci. An fi fuskantar wannan a haƙoran yara da ƙarshen saiwarsu bai gama rufewa ba, ko inda saiwa ta huje. Likita zai tsaya nan take, ya ɗauraye da ruwan gishiri, ya ba da maganin zafi, a riƙa dafa wurin da sanyi a ranar farko, da ɗumi a kwanakin baya, a kuma riƙa duba mutum. Yawanci yana warkewa cikin makonni kaɗan. Idan kumburi ya fara taɓa numfashi ko haɗiya, asibiti za a koma a wannan sa'ar. Saboda haka duk wanda ya ji zafi na daban ana cikin wanki ya ɗaga hannu. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

A nan dole a ja kunne da babbar murya. Jin cewa sinadarin bilic ne likita ke amfani da shi ba izini ba ne ga kowa ya ɗiga bilic a kogon haƙori ko ya kurkure baki da shi. Likita yana aiki da ƙarfi da aka auna, a cikin haƙorin da aka killace, da bututun tsotsa a gefe. A gida abin da zai faru shi ne ƙunar dasashi da harshe da maƙogwaro, ramin saiwar kuma ko kusa ruwan ba zai kai ba. Haka ruwan batir da fetur da ƙwayar asfirin da ake dannawa a jikin dasashi: ƙuna suke yi, cutar tana nan.

Bayan wanki

Idan ramin ya fita, ana busar da shi da tsinkayen takarda masu tsabta, a toshe da gataparca da man liƙi, a cike saman haƙorin da kyau, turmi kuma sau da yawa a yi masa hula don kada ya tsage. Idan akwai mugunya ko ramin bai daina fitar da ruwa ba, likita kan cika shi da farin magani mai suna kalsiyam haidiroksaid, ya rufe da ciko na wucin gadi, ya ce a dawo bayan mako ɗaya ko biyu. A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Ciwo ya ɗauke, sai a ce an warke, ba a koma ba. Cikon wucin gadi ba a yi shi don ya daɗe ba. Yana zaizayewa, miyau ya shiga, duk wankin da aka yi ya tashi a banza, haƙorin da aka kusa cetowa ya ƙare a cirewa. Ɗan ciwo na kwana biyu ko uku bayan aiki ba abin tsoro ba ne. Kumburi, zazzaɓi, ko faɗuwar ciko su ne ke sa a koma kafin ranar da aka sa.

Tambayoyi da aikin gida

Ku tattauna a aji: me ya sa shan kafso kaɗai ba ya warkar da haƙorin da ɓargonsa ya mutu? Wane aiki haifokulorait ke yi wanda EDTA ba ya yi, wane ne kuma EDTA ke yi wanda shi ba ya yi? Me zai faru idan allura ta tsaya can sama, me kuma zai faru idan ta cije a bango? Wani maƙwabcinka ya ce zai ɗiga bilic a kogon haƙorinsa tunda likita ma da shi yake aiki. Me za ka ce masa?

Kafin darasi na gaba, kowa ya bincika asibitin da ya fi kusa da shi wanda ke da sashen haƙori. A tambaya ko suna yin aikin saiwa, zuwa nawa yake ɗauka, nawa ne kuɗinsa, nawa ne kuma kuɗin cire haƙori da sa na roba a gurbinsa. A rubuto amsoshin a littafi a zo da su aji. Wanda kuma yake da haƙorin da aka buɗe aka ce ya dawo bai koma ba, ya je a duba shi a wannan makon.